Yadda Ake Haɗa Ziyolait A Daga Ruwan Siliket, Tun Daga Awo Har Saukewa

Idan aka zuba ruwan sodiyom siliket a cikin ruwan sodiyom aluminet, dukansu biyu garai-garai, kafin a ajiye gorar haɗin ya yi fari fat ya kama jikinsa. Ɗalibi mai ɗoki zai ɗauka ziyolait ke nan ya samu, wato kiristal na silikon da alminiyom mai cike da ƙananan ramuka. Abin da ke cikin gorar a lokacin jel ne kawai, tarkacen silikon da alminiyom da suka cakuɗe babu tsari. Kiristal yana zuwa ne daga baya, bayan sa'o'i a kan zafi, kuma idan aka bar shi ya wuce lokacinsa sai ya narke ya koma wani abu dabam da ba shi ake nema ba. Saboda haka gwanintar wannan aiki tana wuri biyu ne: daidaita abin da ke cikin ruwan, da sanin lokacin saukewa.

Na zaɓi nau'in da ake kira ziyolait A domin shi ne mafi sauƙi. Ba ya bukatar tukunyar matsi, zafinsa bai wuce na tafasar ruwa ba, kuma a yini ɗaya ake gamawa. Robert Milton ne ya fara samar da shi a ɗakin binciken Linde na kamfanin Union Carbide a Amurka, a aikin da ya soma a 1949, bayan Richard Barrer ya share fage a Birtaniya a shekarun 1940. A 1954 aka fara sayar da shi. Yau shi ne ke cikin garin sabulun wanki da yawa yana kama sinadarin kalsiyom da ke hana ruwa kumfa, shi ne kuma ake busar da iskar gas da shi a masana'antu.

Abin da ake son ginawa

Tubalin ziyolait ɗaya ne: ƙwayar zarrar silikon ko ta alminiyom a tsakiya, oksijin huɗu kewaye da ita, kowane oksijin kuma maƙwabta biyu ne suka yi tarayya a kansa. Duk inda alminiyom ya zauna a gurbin silikon, ginin yana samun cajin negatif ɗaya, sai sodiyom ya shigo ya cike giɓin. Wannan sodiyom ba a ɗaure yake ba, shi ya sa yake yarda ya fita ya bar wa kalsiyom wuri. Akwai ƙa'idar da Walter Loewenstein ya bayyana a 1954, cewa alminiyom biyu ba sa maƙwabtaka ta kan oksijin ɗaya. Sakamakonta shi ne alminiyom ba ya taɓa fin silikon yawa a ginin. Ziyolait A yana kan iyakar ne daidai, ɗaya bisa ɗaya.

Tubali 24 suna haɗuwa su yi wani ɗan keji da ake kira kejin sodalait. Abin da ya kamata mai haɗi ya riƙe shi ne, wannan keji ɗaya yana ba da abubuwa uku, ya danganta da yadda aka jona shi. Idan aka haɗa kejin ta fuskokinsa masu kusurwa huɗu da gada a tsakani, an sami ziyolait A, mai ƙofofi kimanin nanomita 0.4 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). Idan ta fuskoki masu kusurwa shida aka haɗa da gada, an sami X ko Y, masu ƙofofi kimanin nanomita 0.74, Y shi ne jigon sinadarin da matatun mai ke fasa mai nauyi da shi a sami fetur, dangin X kuma su ne a cikin na'urar tace oksijin ta asibiti. Idan kuwa kejin suka manne da juna kai tsaye babu gada, an sami sodalait, mai ƙofofi ƙanana ƙwarai da ba su da amfani ga yawancin ayyuka. Shi ne abin da ake gudu.

Kayan aiki, da abin da bai kamata a taɓa ba

Ƙungiyar masana ziyolait ta duniya, IZA, ta tattara hanyoyin haɗi da aka gwada aka tabbatar, kuma awon da zan bayar nata ne. Ana bukatar tataccen ruwa mililita 80, kostik soda giram 0.723, garin sodiyom aluminet giram 8.258, da sodiyom metasiliket mai ɗauke da ruwa biyar (Na2SiO3·5H2O) giram 15.48. A lissafin mol wannan ya zo 3.165 Na2O : 1 Al2O3 : 1.926 SiO2 : 128 H2O. Wannan jeri ya fi giram-giram ɗin muhimmanci, domin da shi za ka sake lissafi idan kayanka sun bambanta. Aluminet ɗin da aka yi awon da shi yana ɗauke da ruwa uku. Idan naka busasshe ne, duba takardar jikin gwangwanin ka rage nauyin.

Mazubi ya zama gorar roba ta folifurofilin mai marfin murɗawa, mai cin mililita 100 zuwa 150. Ana gane ta da lamba 5 ko haruffan PP a gindinta. Gorar ruwan sha ta kasuwa mai lamba 1 ba ta yi, zafi zai lanƙwasa ta soda kuma ta cinye ta. Kwalbar gilashi ma ba ta dace ba, domin soda mai zafi tana lasar gilashi, ta ƙara wa haɗin silikar da ba ka auna ba. Tukunyar alminiyom kuwa haɗari ce tsantsa: soda tana narkar da ita tana fitar da iskar haidurojin mai kama wuta.

Ruwan rijiya ko na famfo yana zuwa da kalsiyom da magniziyom, waɗanda za su kama siliket tun kafin ya yi aikinsa. A nemi tataccen ruwa na ɗakin gwaji. Wanda zai saya wajen masu batir ya tabbatar ruwan aka ba shi ba asid ba, don duk biyun wasu ruwan batir suke ce musu. Kanwa ba ta maye gurbin kostik soda a nan. Ƙarfinta bai kai ya narkar da jel yadda ake so ba, ga kuma gishiri da ƙasa da take tafe da su.

Tabarau na kariya da safar hannu ta roba wajibi ne tun daga buɗe gwangwanin soda har wanke kwanuka. Ɗigo ɗaya a ido yana iya makantarwa. Idan ya taɓa fata ko ido, a yi ta kwarara ruwa na aƙalla minti 15, na ido kuma a wuce asibiti.

Mataki na farko: narkarwa dabam-dabam

Zuba sodar cikin ruwan mililita 80, ka motsa a hankali har ta ɓace, minti 10 zuwa 20. Raba ruwan gida biyu daidai a gora biyu. A ɗaya zuba aluminet, a ɗayar metasiliket, ka rufe kowacce ka jijjiga har ruwan ya washe. Kada a yi gaggawa a nan. Gudajin da bai narke ba zai zama wani tsibiri mai awonsa dabam a cikin haɗin, daga nan baƙin nau'i kan fara tsirowa. Idan ruwan aluminet ya ƙi washewa, mai yiwuwa garin ya tsufa ya sha iska. A tace shi ko a nemi sabo.

A wannan lokaci alminiyom yana yawo a ruwa a siffa ɗaya tak, Al(OH)4 mai caji ɗaya. Silikon ya fi shi rikici. Yana nan ɗaiɗai, yana nan bibbiyu, yana nan a gajerun sarƙoƙi da zobba, kuma kullum suna kwancewa suna sake ɗaurewa. Gwargwadon yawan soda, gwargwadon gajartar sarƙoƙin. Ziyolait A yana son gajeru, shi ya sa aka zaɓi metasiliket. Ruwan siliket mai yauƙi da masu haɗa sabulu ke saya yana da silika ninki biyu zuwa uku da ɗoriya bisa soda, sarƙoƙinsa dogaye ne. Yana aiki, amma sai an san ainihin awonsa an ƙara masa soda an bar shi ya kwana.

Mataki na biyu: haɗawa

Juye ruwan siliket cikin na aluminet a zubi ɗaya, da sauri. Zai yi kauri kamar koko da aka dama da gasara mai yawa. Rufe ka jijjiga da ƙarfi har ya zama bai ɗaya, babu gefe mai ruwa-ruwa. Abin da ya faru shi ne siliket da aluminet sun kama juna ta kan oksijin cikin ƙiftawar ido, saurin da bai bar musu damar jeruwa ba.

Daga nan kana da zaɓi. Ko ka kai gorar kan zafi nan take, ko ka bar ta a ɗaki na wasu sa'o'i, har zuwa kwana ɗaya. Wannan ajiya tana yawaita 'ya'yan iri, wato ƙananan ƙulle-ƙulle masu tsari da kiristal ke girma a kansu. Iri da yawa na raba abinci ɗaya, don haka kiristal za su fito ƙanana kuma da wuri. Mai son gari na sabulu ko na tace ruwa ƙanana yake so. A karon farko dai na fi son a bi awon yadda yake ba tare da ajiya ba, domin a sami abin kwatantawa. A lura kuma cewa zafin ɗaki a Sakkwato cikin Afrilu ba ɗaya yake da na ɗakin gwajin Turai ba. Awa 24 ɗinsu na iya zama ƙasa da haka a wurinmu.

Mataki na uku: zafi, da jiran da ke gwada haƙuri

Sa gorar a rufe cikin obin a digiri 99 na ma'aunin Salshiyos, awa 3 zuwa 4, ba tare da motsawa ba. Bar sarari a saman gorar, kada a cika ta maƙil. Inda wutar lantarki ba ta tsayawa, tukunyar ruwa mai zafi a kan risho ko gas tana wadatarwa: a tsayar da gorar a ciki a kan wani abu da zai raba ta da gindin tukunya, a riƙe ruwan tsakanin digiri 90 da 95, a ƙara lokaci. Abin da ke ɓata aiki shi ne zafi ya yi ta hawa da sauka har a rasa lissafin sa'o'in da haɗin ya yi.

Sashen farko na lokacin babu abin da ido zai gani. Ko na'urar XRD, mai gano tsarin kiristal da hasken X-ray, aka kai samfur ba za ta nuna komai ba sai tudu mai faɗi a zanenta. Amma a nan ne aikin yake. Zafi da soda suna kwance ɗaurin jel ɗin kaɗan-kaɗan, guntaye suna shiga ruwa, suna sake komawa. Kowane sodiyom yana tafe da ruwan da ya kewaye shi, guntayen aluminosiliket kuma suna naɗuwa a jikin wannan dunƙule, daga nan zobba da keji ke samun siffarsu. Shi ya sa idan ka musanya sodiyom da fotasiyom ba A za ka samu ba. Yawancin ƙulle-ƙullen da suka haɗu suna sake wargajewa. Wanda ya kai wani girma ne kaɗai ke tsira, domin daga nan ƙara girma ya fi masa sauƙi bisa narkewa.

An daɗe ana jayayya a kan inda irin ke fitowa. Donald Breck da Edith Flanigen sun karkata ga cewa jel ɗin ne ke gyara zamansa daga ciki. George Kerr a Amurka da Sergei Zhdanov a Rasha sun nuna cewa jel narkewa yake yi, ruwa ya ɗauki kayan ya kai wa kiristal. A 1999 Svetlana Mintova da abokan aikinta sun ga ƙananan kiristal na A suna tsirowa a cikin ƙwayoyin jel da kansu, a zafin ɗaki. A nawa ganin kowane ɓangare ya riƙi rabin gaskiya: iri kan fito a cikin jel ko a bakinsa inda kaya suka fi yawa, girma kuwa ta hanyar ruwa yake tafiya. Ga mai haɗi, amfanin wannan sani shi ne jel rumbu ne. Muddin yana nan, ruwan yana cike da abinci kuma A yana girma.

Da iri ya kama, abin yana sauri. Kiristal na jan kaya daga ruwa, ruwa ya ragu, jel ya ƙara narkewa don cike gurbi. Alamar da ido ke iya gani tana zuwa a ƙarshe: jel ɗin da ya cika gora ya zube, farin gari ya kwanta a ƙasa, ruwa garau ya taso sama.

Nan ne wurin sauka. Idan jel ya ƙare babu sauran abin da soda za ta ci sai kiristal ɗin kansa. Ziyolait A gini ne mai yawan fili, zango ne a hanya. Ƙa'idar Wilhelm Ostwald ta ce abin da ya fi saurin fitowa shi ke riga, sannan ya ba da wuri ga wanda ya fi shi tabbata. A ruwa mai soda da yawa magajin shi ne sodalait, a wasu haɗe-haɗen kuma ziyolait P. Wanda ya ce bari ya bar gora ta kwana a obin don ta nuna sosai, da safe farin gari zai tarar kamar kowa, amma ƙofofin sun tafi.

Dabarar da ta fi kowacce koyarwa ita ce a raba haɗi ɗaya cikin ƙananan gora biyar, a riƙa cire ɗaya bayan awa 1, 2, 3, 4, a bar ta ƙarshe ta kwana. Rana ɗaya za ka ga tarihin haɗin gaba ɗaya da kayanka da obin ɗinka, ba na wani ba.

Mataki na huɗu: tacewa da busarwa

Bar gorar ta huce sarai kafin ka buɗe. Tace da takardar tacewa, ka yi ta wankewa da tataccen ruwa har ruwan da ke ɗiga ya sauka ƙasa da pH 9, wato awon kaifin soda a ruwa. Kada a yi ƙoƙarin gajarta wanki da asid, domin A ba ya jure asid, alminiyom ɗinsa zubewa yake yi. Busar a digiri 80 zuwa 110 dare ɗaya. Lissafin silikar da aka zuba ya nuna iyakar abin da za a samu kimanin giram 10 ne na busasshen gini, ko giram 13 idan ramukan na cike da ruwa. Ruwan farko da aka tace soda ce mai ƙarfi. A tara shi a roba mai alama, a kashe kaifinsa kafin a zubar, kada ya bi kwata inda yara ke wasa.

Yadda za a san an dace

Farin gari ba shaida ba ne, jel da A da sodalait duk farare ne. Hukuncin ƙarshe na XRD ne: da hasken X-ray na tagulla, zanen A yana nuna tsini a kusan digiri 7.2, 10.2, 12.5, 24.0, 27.1 da 29.9. A madubin lantarki siffarsa murabba'i ce mai fuska shida daidai, faɗin maikuromita 2 zuwa 3. Dunƙule-dunƙule masu kama da curin zare a tsakaninsu alamar sodalait ce.

Kafin a biya kuɗin na'ura akwai gwaji biyu masu arha. Gasa giram 2 a digiri 300 zuwa 350 na awa biyu, bar shi ya huce a rufaffen mazubi, auna, sannan ka ajiye shi kwana ɗaya ko biyu cikin rufaffen kwano kusa da ƙaramin kofin ruwa. A mai kyau yana ƙara fiye da kashi 20 cikin ɗari na nauyinsa. Idan kuma ka ɗiga wa gasasshen garin ruwa a cokali za ka ji ya ɗauki zafi. Gwaji na biyu: kaɗa cokali ɗaya cikin ruwan rijiyar da ba ya kumfa, tace, ka gwada da sabulu kusa da wanda ba a taɓa ba.

Idan za a yi da kayan gida

Sodiyom aluminet yana da tsada kuma ba ko'ina ake samunsa ba. Farin yumɓu na kawolin kuwa yana zuwa da silikon da alminiyom ɗaya bisa ɗaya, daidai bukatar A. Akwai shi a Ƙanƙara ta jihar Katsina da Alƙaleri ta jihar Bauchi, kuma masu binciken injiniyan sinadarai a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun daɗe suna aiki a kan na Ƙanƙara. A tabbatar dai kawolin ne, domin wata farar ƙasar ta shafen bango allin dutse ce. Ɗigon asid zai sa ta tafasa, kawolin kuwa ba ya yi.

Jiƙa shi, ka kaɗa, ka bar yashi ya kwanta, ka tsiyaye ruwan mai fari-fari, ka busar. Sannan a gasa a tanderu tsakanin digiri 600 da 800 na awa 2 zuwa 3. Kawolin mai tsabta yana rasa kusan kashi 14 cikin ɗari na nauyinsa, kuma wannan awo shi kansa gwajin inganci ne: idan ragin ya yi ƙasa sosai, yashi ya yi yawa ko gashin bai kai ba. Ɗanyen kawolin da ba a gasa ba yakan zarce sodalait kai tsaye. Wanda ya haura digiri 950 kuma ya fara komawa tangaran, soda ba ta cinsa da sauƙi. Gasasshen ana zuba shi cikin ruwan soda mai ƙarfin mol 3 zuwa 4 a lita, kimanin giram 1 ga mililita 10 zuwa 20, a kaɗa, a ajiye wasu sa'o'i, sannan a kai digiri 90 zuwa 100. Lokacin saukewa ya danganta da yumɓun, don haka dabarar gora-gora a nan ba zaɓi ba ce. Garin kan fito da ɗan ja-ja saboda ƙarfen da ke cikin yumɓu, kuma XRD zai nuna ragowar yashi. Don tace ruwa wannan ba matsala ba ce, masu sabulu ne ba za su karɓa ba.

Buntun shinkafa da ke jibge a bayan injinan casa na Kano da Kebbi shi ma tushen silika ne. Tokarsa kimanin kashi ɗaya cikin biyar ce ta nauyinsa, kuma idan aka ƙona shi a digiri 600 zuwa 700 har ya yi fari, mafi yawanta silika ce mai narkewa a tafasasshiyar soda. Idan zafin ya haura 800 sai ta ƙanƙame ta ƙi narkewa. Wannan ruwan siliket ya fi amfani ga wanda ke son X ko Y daga kawolin, domin su suna bukatar silika fiye da wadda yumɓun ya zo da ita, da ajiya mai tsawo kafin zafi, Y kuma galibi sai an zuba masa iri daga wani haɗin da aka riga aka tanada.